Safar da Ta Fashe a Bakin Tukunya

Saura minti goma tafasar ta cika awa guda lokacin da safar ta fashe.

Shekara talatin ke nan Desmond Pybus yana dafa giyarsa a rumfar bayan gidansa da ke garin New Norfolk, kuma bai taɓa amincewa da matatar ƙarfe ta kanti ba. Furen hop, wanda shi ke ba giya ɗacinta, a doguwar safar mata yake ɗura shi, ya ƙulle bakin, ya rataya cikin tukunya. Safar ta marigayiya matarsa Noeleen ce. Da ya ɗago ta domin ta tsane, sai ƙasanta ya ɓarke, koriyar dusa mai tururi ta watsu bisa siminti.

Duk wanda ya amsa sunan mai dafa giya ya san cewa dafaffen hop guba ne ga kare. Saboda haka Desmond ya share, ya kankare, ya zuba a bokiti ya rufe, kana ya miƙa wa maƙwabcinsa Lyall Triffitt ta kan shinge, kamar yadda aka saba kowace Asabar. Lyall ba ya shan giya, amma furannin lambunsa, in ji shi, suna son wannan taki.

"Ka binne da zurfi, mutumina," in ji Desmond. "Ka san Tilly, babu ramin da ba ta tonawa."

"Ni za ka gaya wa, tsoho?" Lyall ya amsa da murmushi.

Tilly karya ce da Noeleen ta rena tun tana 'yar ƙarama, kuma ita kaɗai ce mai numfashi da ta rage wa Desmond a gidan. Bayan awa uku ya tarar da ita kwance a gindin shinge, harshe waje, tana haki kamar za ta shiɗe. Ya taɓa cikinta, ya ji zafi tamkar gefen tukunya.

Nan take ya ɗora wa kansa laifin. Lalle akwai dusar da ta shige ƙarƙashin teburi, idonsa na tsufa bai gani ba. Da hannunsa, da taurin kansa a kan tsohuwar safa, ya kashe ta.

Ya ruga ya ɗauko makullin mota. Lyall ne ya leƙo, ya ce ya bari shi zai tuƙa.

Tafiyar minti goma ce zuwa asibitin dabbobi. Desmond yana kujerar baya, karyar bisa cinyarsa cikin jiƙaƙƙen tawul, yana ƙirga numfashinta. Lyall ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tsayawa cak a kowace mahaɗa ko da babu kowa, har ya ɓace hanya sau ɗaya a garin da aka haife shi.

"Taka mana, don Allah. Ba jana'iza muke rakiya ba," in ji Desmond.

"Gaggawa ba ta da amfani, Des. In muka faɗa kogi wa zai kai ta?"

Ƙafafun Tilly suka fara sanƙarewa. Desmond ya kifa fuskarsa a wuyanta yana neman gafarar Noeleen.

Likitar, wata mace mai ƙarancin magana, ta karɓe ta ta rufe ƙofa. Awa biyu mutanen nan suna zaune bisa benci ɗaya, Lyall yana dafa kafaɗarsa lokaci-lokaci.

Daga bisani aka kira Desmond ciki shi kaɗai.

"Zafin ya sauka, za ta tashi," in ji likitar. "Da kun ƙara minti goma a hanya, da wata maganar muke yi."

"Laifina ne, likita. Safa ce ta fashe, ban share da kyau ba."

Ta jawo wani farantin ƙarfe mai ɗauke da abin da aka fitar daga cikin karyar.

"Baba, wannan ba daga ƙasa ta lasa ba. Curi shida ne, kowanne an mulmula shi da hannu cikin niƙaƙƙen naman rago. Wa ke da sauran dusar nan?"

Desmond ya juya a hankali. A bakin ƙofa, Lyall, mutumin da ya karɓi bokitin, yana tsaye, hula a hannu, yana tambaya cikin tattausar murya: "Ta cika ne?"