Mai Rubutu a Gefen Shafi

A shafi na arba'in da biyu Auta ta fara ganin rubutun. Wani ya bi gefen takardar da fensir mai kauri ya rubuta: "Wannan yaro sakarai ne. Ka faɗa mata mana!"

Littafin labarin wasu 'yan makaranta biyu ne da suka shekara suna son juna, kowa na jin nauyin furtawa. Ajinsu kaf ya haukace a kansa, ga shi kwafi ɗaya ne tak, na Auta. Da safe ya zaga aji hannu-hannu, in an tashi ta kawo shi gida ta cusa bayan tsofaffin katakai a rumfar aikin Baba, sai ta gama aikace-aikace ta ɗauko.

Ɓoyon dole ne. Baba kafinta ne da ba a cika ganin haƙorinsa ba, kuma ya rantse duk littafin soyayyar da ya kama a gidansa ashana ce rabonsa.

Kullum sai ta tarar da sabon rubutu. "Kai, uban yarinyar nan ya cika tsanani." A shafin da aka raba masoyan kuwa takardar har ta jiƙe ta bushe, an rubuta: "Haba! Haba!"

Auta ta yanke hukunci: Dogo ne, mai zama bayanta, wanda ko gaisuwa sai ya yi in'ina. Ashe akwai zuciya a wannan ƙirji! Ta shiga yi masa murmushi, bawan Allah ya dinga waiwaye ko da wani a bayansa.

Ranar Laraba ta yi ƙundumbala, ta rubuta a bangon ƙarshe: "Na san kai ne. Abin da ke ranka shi ke raina. In da gaske kake, sa sunanka."

Da hannunta ta miƙa wa Dogo. Kafin a tashi ya dawo da shi yana gumi, ita kuma ta kasa buɗewa. Ta ɓoye shi inda ta saba. Wajen wanke-wanke ta fasa kofi biyu, Baba ya wuce da jajayen idanu, ko kallon kofunan bai yi ba.

Da yamma ta buɗe. An amsa.

"Saura mini babi biyu, don Allah ki daina kai shi makaranta. Shi kuma wannan da kika san shi ne, ki same ni a rumfa ki gaya mini ɗan gidan waye. Babanki."