Masaƙin da Ya Zare Jan Zare

Malam Tanimu, ka ce a gaban ɗalibaina wai ba ka gane darasina ba, ni da ake tasowa daga nesa don a ji bakina. Na yafe, amma zauna. Cewa na yi a cikin ƙwayoyin jikin tsiro mai iri akwai ɗan murhun da ke ba shi ƙarfi, mitokondiriya, da nasa saƙon gado. A tsakiyar saƙon akwai gutsattsarin da ake yankewa a zubar kafin a yi aiki da shi, su ne intiron. Kai ka ce tarkace ne. To ji.

An yi wani masaƙi da in yana saƙar riga yakan bar fili fari tsakanin ado da ado, ya sa jan zare a bakin kowane fili. Maɗinki ya bi jan zaren da almakashi, ya jefar da filin, ya haɗa bakin ado da ɗan'uwansa. Jikokinsa suka gaji saƙar, kowane gida da yadda ta kaya masa. Wani ya kwaikwayi ɗinkakkiyar riga, filayensa suka ɓace, bai yi asarar komai ba. Wasu biyu saƙarsu ta tsage a tsakiyar fili, kowa ya tafi da rabi, amma in suka kai wa maɗinki sai ya ga jan zare nan, jan zare can, ya haɗa.

Sai autansu, mai ji da wayo. Aka ba shi aikin rigar ango, sunan gidansu ya rataya a kanta. Ya ce abin da za a zubar me zai ci masa rini? Ya bar filayen, ya zare jan zaren. Maɗinki ya juya saƙar, ya sake juyawa, ya ce, "Ɗan'uwa, ina zan sa almakashi?" Ya yanka da ka. Ado ya koma hammata, fari ya zauna a ƙirji, ango ya fita da rigar aro, ba a ƙara kawo wa gidan aiki ba.

Haka tsiron yake. In ya rabu da gutsuren gaba ɗaya zai rayu, in gutsuren ya rabu biyu a haɗa, amma in aka ɓata alamar bakinsa, wato jan zarensa, murhu ya mutu. Gobe in za ka ƙi darasina, ka tuna: ƙaramin sani ƙuƙumi ne.