Ranar da na koya wa Kawu Faransanci

Shekarar da aka samu 'yancin kai, na rantse na bar lakwal, wato makarantar boko, don kullum mushe, malaminmu, ya tashe ni haddar Faransanci sai bakina ya kafe. Da la'asar na fake a shagon Kawu, tela a Zongo, cikin warin man keken ɗinki.

"Koya mini haddar taka," in ji shi.

Sau goma ina maimaitawa yana ɓatawa, har na daka masa tsawa: "Kawu, kanka ba ya ja!" Har yau ina jin kunyar maganar nan.

Sai ga wani Bature da wando a hannu. Kawu ya tarye shi da Faransanci garau, ashe a soja ya koya. Na saki baki.

Ya kashe mini ido. "To malam, wa ya haddace yanzu?"

Ni ne kuwa. Da safe na riga kowa isa lakwal.