Kiran Sallah a Bakin Bindiga

Guduma ɗaya Kafinta ya sauke wa akwatin wasan bidiyon, ya dare gida biyu.

"Kiran sallah a tsakiyar harbe-harbe? A gidana?" Ya juyo kan ɗansa, jijiyar wuya a tashe. "Ana kabbara kana fasa kawunan mutane, ɗan banza?"

"Baba, ban harbi kowa ba. A gindin hasumiyar masallacin cikin wasan kawai nake tsayar da sojan nawa."

"Rufe min baki. Tsinannun da suka ƙera wannan ƙazanta daban, kai da ka shigo min da ita daban."

Ƙarar sandar mahaifiyar Kafinta ce ta katse shi. Ta dogaro daga ɗaki, ta tsaya kan tarkacen.

"Me ka fasa?"

"Shaiɗanci, Inna. Muryar wani ladani suka sato, suka cusa cikin wasan kisa."

"Wani ladani," ta maimaita. "Ba ka ji ɗan tarin nan da yake yi kafin ya ja kabbara ta biyu ba?"

Gudumar ta yi wa Kafinta nauyi a hannu.

Ɗan ya ce, "Kamfanin ya goge muryar tun da aka yi musu ca. Nawa akwatin ban taɓa haɗa shi da intanet ba, shi ya sa ta rage."

Inna ta nuna Kafinta da sanda.

"Ni nake sa yaron ya kunna min kullum. Ɓarayin da suka sace muryar marigayi, Allah ya isa. Amma kai, ka ji harbi sarai, ba ka ji ubanka ba."