Jan Farce a Ranar Allura

"Ba zan miƙa hannuna ba, Hajiya," na ce.

Hajiya Turai, shugabar sashenmu, ta ajiye allurar a kan tebur. Tun da aka fito da allurar da ke ɗauke wa mace al'adarta, ofis ya ce dole kowace ma'aikaciya ta yi, wai don kada aiki ya riƙa hawa da sauka kowane wata.

"Haba Zinatu, da digirinki kike wannan taurin kai? Ba ciwon mara, ba fashin salla. Me kika rasa?"

Ta dubi yatsuna. Na shafa jan farce, yadda mata ke yi a da in suna fashin salla. Duk benen ni kaɗai ce mai jajayen yatsu.

"To ko wannan ki goge, kowa na kallonki."

"Su kalla, Hajiya."

Da aka tashi daga aiki na shiga kantin magani neman audugar mata. Mai sayarwar, budurwa sa'ata, ta ce, "Audugar me, Anti? Yankewa kika yi?" Ba wasa take yi ba. Sai wajen wata tsohuwa a bayan kasuwa na samu, ledar duk ta koɗe.

Washegari aka mayar da ni ɗakin ajiyar kaya, ƙarin girman da na yi wa karatu ya wuce ni. Kowane wata marata za ta murɗa, an daina sayar da maganinta, kuma babu ƙawar da zan faɗa wa ta ce, "Sannu, na san ciwon."