Gwiwar Dogo

Dogo na dab da kammala tsere sai gwiwarsa ta yi ƙara. Da jan ƙafa ya ƙarasa. Gudun nan ne ya raba shi da shan ƙwaya. Duk sanda jikinsa ya nema, sai ya ɗaura takalmi ya bi titi har sha'awar ta kwanta.

A asibiti, yayarsa na rungume da takalman, likita ya duba hoton ƙashin.

"Gudu kam ya ƙare, sai haƙuri. Amma wannan zai rage maka zafin."

Ya miƙo masa fakiti. Dogo bai ko karanta sunan ba, kalar ya gane. Yawunsa ya tsinke.

"Karɓi mana, auta," in ji Yaya. "Ai magani ne."