Tukunya a Kan Ƙusa

"Wa ya ba ka izinin taɓa tukunyata?"

Da wannan tambaya wani ɗalibi ya faɗo ɗakin da suke haya a Fagge, azumi ya galabaitar da shi. Abokin zamansa, Kirista ɗan Zariya, ya sauke shinkafa da wake daga risho, yana barbaɗa yaji.

"Malam, tsaya ka ji."

"Babu abin da zan ji. Kullum kana shigowa da ƙunshi daga Sabon Gari, wa ya san naman da kake dafawa? Yau kuma har cikin abin da nake girki?"

Ya sa ƙafa ya shuri tukunyar, abincin ya watse a siminti.

Ɗayan ya tattara littattafansa cikin jaka. A bakin ƙofa ya ce, "Kwana biyun nan da ruwa kaɗai na ga kana buɗa baki." Ya fice.

Ladan ya ɗaukaka sunan Allah. Mai azumi ya ɗaga kai, sai ga tukunyarsa rataye a ƙusa, da ƙurarta. Wadda ya shura kuwa tana kife, sabuwa fil, takardar kanti manne a gefenta, wuta ta ɗan lashe ta.